Sautin Arzika da Albasar Hindu

Ni da za a tambaye ni, da na ce a hana wasu mutane zuwa Legas. Arzika maƙwabcina na Jega Firchin sau ɗaya tak ya raka tirelar albasa can, ya dawo ya hana unguwa sakat. Wasu kan dawo da atamfa ko takalman yara. Shi kuwa ya sauka da kwalaye sun fi shi tsawo, da baƙin tabarau a goshi, yana tafiya kamar ƙasar ma ba ta dace da ƙafarsa ba.

Sunana Rabi'u, direba ne ni, layin Jega zuwa Maiyama nake yi. Katangarmu ɗaya da Arzika, don haka duk abin da zan faɗa a kunnena aka yi shi, kuma kunnen nan har yau bai koma daidai ba.

Da la'asar ya kinkimo akwatuna biyu na ƙarfe zuwa majalisarmu, gefen tukubar Alhaji Waliyyu mahauci. Ɗaya baƙa, ɗaya ruwan toka, kowace bayanta ramuka birjik. Ya shimfiɗa darduma ya ɗora su, ya ce kada wanda ya taɓa da hannun tsire.

Alhaji Waliyyu ya leƙa ya ce, "Rediyo ta?"

"Alhaji, rufa wa kanka asiri," in ji Arzika. "Furosesa sunanta. Ita ka raba sauti, ta aika wa kowace lasifika rabonta, ta gaba da ta baya da ta gefe. In mota ta wuce cikin fim, sai ka ji ta bi ta bayan ƙeyarka."

"To mi ya sa ka sayo biyu? Kunne huɗu gare ka?"

"Mai shagon ya ce Baƙa ta fi a waƙa, Toka ta fi a fim, kuma duk Legas an rasa mai kunnen da zai raba gardama. Na ce mai kawo su, Jega akwai kunne."

Alhaji ya juya tsirensa ya ce shi dai ƙara duk ƙara ce. Wannan maganar ce ta ɗebo mana ruwan dafa kanmu. Arzika ya miƙe tsaye ya rantse zai tara manyan unguwa, a ɗaure masa ido, ya faɗi wace na'ura ke magana ba tare da kuskure ba. Daga ranar kuma duk wani mai kuɗin albasa na Aliero da ke son kayan sauti, sai ya zo ya durƙusa gabansa neman shawara. Har sarauta ya yanka wa kansa, wai Sarkin Sauti. Mutumin da ladan ke kiran salla a bayan ɗakinsa amma kullum sai an tashe shi.

Matsala ta farko wuri. Mai shagon ya gaya masa kayan nan suna son babban ɗaki, rufaffe ruf, mai abubuwa masu laushi da za su shanye amsa-kuwwa. Falon Arzika kuwa in mutum uku suka zauna, na huɗu a ƙofa zai tsaya. Ya nemi ɗakin matarsa Rahma, ta ce ya gwada ya gani. Sai idonsa ya faɗa kan ɗakin ajiya.

Ɗakin nan marigayi mahaifinsu ne ya gina shi don albasa kawai. Bangonsa duk ramukan iska ne, daga ƙasa har sama, ciki kuma an kafa rudu, wato shimfiɗar itace da kara da aka ɗaga sama da ƙasa ake baza albasa a kai, iska na ratsa ta ko'ina. Ko yaron goye a ƙasar nan ya san albasa da iska take rayuwa, kuma ruwa da zafi su ne ajalinta.

Albasar da ke kan rudun ba ta Arzika ba ce. Ta yayarsa ce, Hindu, da ke Giwa Tazo. Tun da mijinta ya rasu ita ke riƙe da fadamarsa, ita da 'ya'yanta, da guga da ƙwarya suke ba albasa ruwa. A bana Allah ya ba ta amfani mai kyau, ta ƙi sayarwa da arha lokacin girbi, ta ce za ta ajiye har kasuwa ta tashi ta sayi injin ban-ruwa, bayanta ya huta. Ni da kaina na yi ta jigilar buhunan nan zuwa Jega. A gabana ta ce wa ƙanenta, "Arzika, ga wahalata ta shekara. Ka riƙa juya ta, ka tsince wadda ta lalace, kada ka toshe mata iska." Ya dafa ƙirji ya ce ta ɗauka albasar tana hannun hukuma.

Washegarin ranar da Arzika ya ƙyalla ido ga ɗakin, na ga ana shiga da katifu. Ya kwashe na gidansa, ya aro na maƙwabta, ya jingina su a bango, ramin da katifa ba ta kai ba ya cusa masa tsumma da buhu. Na leƙa ta kan katanga na ce, "Arzika, albasar Yaya Hindu fa?"

"Kai direba ne, Rabi'u, abin da ka sani hon. Albasar ga ita ka ƙara gyara sauti. Turawa kuɗi suka biya a yi musu bango mai ƙulu-ƙulu, ni ga shi Allah ya ba ni kyauta."

Ya rataye lasifikoki a kowace kusurwa. Babbar cikinsu, mai fitar da gurnani, wadda yake kira uwar ganga, ya tura ta ƙarƙashin rudu, wai a nan muryarta za ta fi kauri. Janareto kuma ya jingina shi da bango ta waje, yana hura wa ɗakin zafi.

Gwajin farko, na'urar da kanta take auna ɗaki, tana fitar da wani huci daga wannan lasifika zuwa waccan. Rahma na tsakar gida tana tankaɗe ta ji huci na zagaya ɗakin ajiya, ta yar da rariya ta ɗauki taɓarya tana kiran maƙwabta, wai kububuwa ta shiga albasa. Muka taru da sanduna. Arzika ya fito yana dariya, ya ce mu yi haƙuri, jahilci ba laifinmu ba ne.

Gwaji na biyu ya fi muni. Lokacin bazara ne, zafi ya kai inda ya kai, kowa ya baza albasarsa a rana tana shan iska, kowa kuma ido na sama don tsoron ruwan farko. Rana tsaka Arzika ya haɗa Toka, ya sa wani fim da ake ruwa da tsawa, ya murɗe ƙara har ƙarshe, ya bar ƙofa a buɗe. Tsawa ta fashe a Jega Firchin. Wallahi na ga dattawa masu furfura suna gudu da tampol, mata na kwasar shanya, wata tsohuwa Mairo ta kife kan albasarta da zane tana salati. Sai da aka rufe komai aka ɗaga kai, sama fes, ko gajimare ɗaya babu.

Mairo ta je har ƙofar ɗakin da muciya a hannu. Arzika ya tare ta da murna.

"Inna, tsakaninki da Allah, ta ina kika fara jin tsawar, ta hagu ko ta dama?"

"Ta kan uwarka na ji ta," in ji Mairo, ta kai masa muciya a kafaɗa.

Ya dawo majalisa yana sosa wurin, yana cewa Toka ta ci maki a fim, tunda har ta ruɗi tsohuwar da ta ga damina saba'in.

Daga nan ya koma rufe ƙofa, ya shiga abin da ya kira horar da kunne. Safe da yamma yana ciki, ya sa kiɗan kalangu a Baƙa, ya cire wayoyi ya mayar Toka, ya sake sa shi, ya fito jiƙe sharkaf da gumi ya ba mu rahoto ba wanda ya tambaye shi. Yau Baƙa ta fi zaƙin goge. Gobe Toka ta fi iya harbin bindiga amma muryar mata na fita a cikinta kamar ta hanci. Jibi ya gano ashe ya juya wayoyin baya, duk hukuncin da ya yanke a sake.

Sai na'urorin suka fara ɗaukewa da kansu saboda zafi. Ɗaki ba iska, janareto na hura bango, su ma suna fitar da nasu. Da mai hankali ne, da ya cire katifa ɗaya. Arzika sai ya sa aka kawo ruwa a jarka, yana yayyafa wa katifu safe da rana don ɗakin ya yi sanyi.

Rahma ta tsaya bakin ƙofa ta ce, "Malam, ruwa kusa da albasa?"

"Katifa nika jiƙawa, ba albasa ba. Ke mi kika sani game da lantarki?"

"Ban san lantarki ba, amma hancina lafiya lau yake."

Ya ce warin sabon inji ne in ya ɗumama, ya aika aka sayo turaren wuta.

Duk wannan lokaci Hindu na bugo waya tana tambaya ko yana juya mata albasa. Ina jin sa ta kan katanga yana cewa, "Yaya, albasarki ba ta taɓa jin daɗi irin na bana ba. Kwance take tana shan kiɗi." Takaici ya ishe ni, don na san yadda matar nan ta sha rana kafin ta tara abin nan.

Ranar da ya sa don babban gwaji, da safe na yi lodi a Maiyama, sai ga Hindu a tasha ta kawo saƙon kuka da daddawa a kai wa Rahma. Ta ce, "Rabi'u, kana ganin albasata kuwa?"

Na ce, "Yaya Hindu, ni katifu nika gani. Shiga gaba mu tahi, ki kai saƙonki da kanki."

Ta shiga mota muka kamo hanya har gidan Arzika. Ta shiga cikin gida, Rahma ta tare ta da fura da gaisuwa mai tsawo, don kunya ta hana ta faɗin abin da ke bakinta. Ni kuma na wuce ɗakin ajiya, inda maza suka riga suka cika.

Arzika ya sha babbar riga, ya kafa hula, ya jera benci. Alhaji Waliyyu na gaba, ya zo da Yahaya makaɗin mahauta, wanda ya zauna can baya da kalangunsa a ƙarƙashin riga, don ba ya rabuwa da shi ko gidan gaisuwa za shi. Aka rufe ƙofa. Turare na tashi, amma abin da ke ƙarƙashin turaren ya fi shi ƙarfi. Wari ne mai shiga har maƙogwaro, ga yaji na cin ido.

Arzika ya fara da waƙa a Baƙa. Kafin a kai rabi kowa na sharar hawaye, wani na tari, wani ya ja hula ya toshe hanci. Arzika ya dube mu ya girgiza kai cike da tausayi.

"Ku yi kuka, ba kunya ba ta. Ni ma ranar da na fara jin ta sai da na zub da hawaye."

"Arzika, buɗe muna ƙofa," in ji wani dattijo.

"In an buɗe sauti zai zube, Baba. A daure."

Alhaji Waliyyu ya share ido ya ce a zo ga alkawari tun kafin a fitar da gawa. Ya ciro rawaninsa ya ɗaure wa Arzika ido tamau, aka zaunar da shi tsakiyar ɗaki. Sharaɗi shi ne Alhaji zai sa kiɗan kalangu a na'urar da ya ga dama, Sarkin Sauti ya faɗi wace ce. Alhaji ya yi ta taɓa wayoyi yana ƙwanƙwasa ƙarfe kamar mai aiki, ya kashe Baƙa, bai kunna komai ba. Ya waiwaya ya ɗaga wa Yahaya gira.

Yahaya ya zaro kalangu ya saƙale a hammata, ya saki kiɗan mahauta, irin wanda in ya yi a kasuwa wuƙa ke tsayawa a hannun mai yanka.

Arzika ya karkata kai, ya ɗaga yatsa ɗaya, ya taɓe baki.

"Toka ta. Ba ko shakka. Kun ji yadda ta ɓata kiɗin? Wanga ba kalangu ba ne, gwangwani ne. Duk wanda ya taɓa jin kalangu na gaskiya ya san ba haka shika fita ba. Kuma lasifikar baya ta hagu tana da mura."

Kiɗa ya tsaya cak. Yahaya ya tako har gabansa ya fizge rawanin.

"Ni ne mai murar? Tun kakana muke kiɗin ga, yau ɗan albasa zai ce mini gwangwani?"

Dariya ta ɓarke, ga hawaye ga tari, har wani ya faɗo daga benci. Arzika ya dubi kalangu, ya dubi na'urorinsa da ko fitilarsu ba ta kama ba. Kunya dai ba ta cikin kayan da aka raba da shi. Ya ce ai wannan ya nuna Baƙa ta fi Yahaya iya kalangu, kuma waƙa ma ba ita ce ainihin gwaji ba, a jira fim.

Ya haɗa Toka, ya sa wani fim na yaƙi, ya murɗe ƙara har inda maɓallin ya tsaya. Jirgi ya taso ta bayanmu, gaskiya sai da na sunkuya. Sai aka saki bam. Uwar ganga ta yi wani gurnani daga ƙarƙashin rudu, benci ya yi rawa, ƙura ta zubo daga rufi. Itacen rudun da ya sha ruwan ruɓa makonni ya ce ƙaƙas.

Arzika ya ɗaga hannu yana murmushi. "Kun ji wagga ƙara ta itace? Kamar cikin ɗakin ga aka yi ta."

A cikin ɗakin aka yi ta. Rudu ya karye ta tsakiya, albasa ta taho gaba ɗaya. Ta saman ce kawai ke da kamar albasa. Ta ƙasa ta zama baƙin kunu mai yauƙi, shi ya malalo kan Baƙa da Toka, ya cika ramukan bayansu, ya binne uwar ganga. Wuta ta yi tartsatsi, janareto ya yi tari ya mutu. Manyan unguwa suka yi ƙofa a guje, suna santsi suna dafa juna, Alhaji Waliyyu ya fita da takalmi ɗaya. Sarkin Sauti na zaune daɓas a ƙasa, ruɓaɓɓiyar albasa har ƙugu, rimot a hannu yana ta dannawa.

Da aka buɗe ƙofa warin ya fita unguwa, unguwa kuma ta zo. Cikin taron sai ga Hindu, da ƙwaryar furar da ba ta sha ba. Mutane suka buɗa mata hanya. Ta tsaya bakin ƙofa ta dubi katifun da ke ɗiga, ta sa hannu ta zaro tsumma daga ramin iska ɗaya, haske ya shigo ta wurin.

"Baba da hannunsa ya bar ramukan ga," in ji ta.

"Yaya, bari in yi miki bayani. Matsalar daga wutar..."

"Tashi ka tsince mini mai rai."

A gaban kowa ya durƙusa da babbar rigarsa yana tona. Ba wanda ya taya shi, dariya ma ta ɗauke. Abin da aka samu mai kyau duka bai cika daro ɗaya ba. Na dubi daron nan na tuna sawun da na yi ina kawo buhuna, raina ya ɓaci ƙwarai. Hindu ba ta yi kuka ba, idonta dai ya yi ja, kuma ba yajin albasa ba ne.

Ta juya ga Alhaji Waliyyu da sauran dattawa ta ce, "Ku shaida. Injin ban-ruwa nika son saye da albasar ga. Tunda babu inji, ga wanda zai zama inji. In an dasa albasa bayan damina, Giwa Tazo zai tare, shi da guga, har a girbe."

Arzika ya buɗe baki, Rahma daga bayan katanga ta ce ita za ta haɗa masa kaya da kanta. Dattawa suka ce sun shaida. Hindu ta ɗora daro a kai, ta ce mini mu tafi.

Baƙa da Toka ba su sake magana ba. Wai wani mai gyara a Aliero ya buɗe su, ya rufe, ya roƙi a fitar masa da su daga shago. Gardamar Legas tana nan ba a raba ba.

Da rani ya kama na bi ta Giwa Tazo da fasinja, na tsaya a bakin fadama. Injinan maƙwabta na ta ruri hagu da dama, gonar Hindu kaɗai ce shiru. Can na hango Arzika bakin rijiya, ya rame ya yi baƙi, wando naɗe zuwa gwiwa, tafin hannu duk kanta. Ya gan ni ya yafuto ni da sauri.

"Rabi'u, zo ka ji wani abu. Injin can na gabas ya fi na yamma kaurin murya, amma na yamma ya fi shi..."

Hindu na duƙe cikin fangali tana cire ciyawa, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Arzika, ja ruwa."

Ya ja.